Tsohon jirgin sama a iskar Legas: gyara, kulawa da shirin doguwar tafiya

Jiragen da wannan bayani ya shafa su ne masu farfela da injin fistin, waɗanda aka ƙera daga shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1960: Cessna 170, 172, 180 da 182, Piper Super Cub mai jikin yadi, Beaver na Kanada, har zuwa babbansu Douglas DC-3, wanda ya fara tashi ranar 17 ga Disamba 1935. Yawan shekaru kaɗai ba ya kayar da irin waɗannan jirage. A 1964 wata Ba'amurkiya, Jerrie Mock, ta zagaya duniya ita kaɗai cikin kwana 29 a Cessna 180 ƙirar 1953, sannan a 2017 wani DC-3 da aka ƙera a 1940 ya tashi daga Suwizalan ya kewayo duniya ya koma gida. Abin da ke cin tsohon jirgi zama ne, musamman a wuri mai laima da gishiri. Legas kuwa tana da su duka biyun. Saboda haka duk shawarar da za a yanke, daga zaɓen jirgin zuwa inda za a ajiye shi a Ikeja, sai a yanke ta da tsatsa a zuciya.

Kafin kuɗi su fita

Ba a cinikin biri a sama. Hoto da bidiyon da dillali zai turo daga Amurka ko Afirka ta Kudu fenti kawai suke nunawa. A tura injiniya mai lasisi, wanda ba mai sayarwa ne ya kawo shi ba, ya buɗe jirgin ya kwana biyu ko uku a kansa. Amma kafin ya ɗauki sukudireba, takardu zai fara karantawa.

Littattafai uku ne: na gangar jirgi, na inji, na farfela. Ana so su tafi a jere tun daga ranar da jirgin ya bar masana'anta. In aka ga giɓin shekara biyar ko goma babu rubutu, ko an ɓatar da littafi, ko jirgin ya yi haɗari an gyara a ɓoye, ko ya zauna a ƙasa ciyawa ta rufe shi. Duk ukun suna rage masa daraja sosai. Bayan haka a nemi jerin umarnin gyaran dole da hukumar ƙasar da ta ƙera jirgin ta fitar, waɗanda ma'aikata ke kira AD, a bi su ɗaya bayan ɗaya a ga sa hannun wanda ya aiwatar. Tsofaffin Cessna, alal misali, suna da umarnin duba layin da kujerar matuƙi ke gudu a kai, domin in ramukansa suka cinye kujera takan zame baya daidai lokacin tashi, matuƙi ya ja sitiyari da shi. Piper masu yadi suna da nasu kan tsatsar da ke cin tokaren fiffike daga ciki. Duk wani sauyi da aka yi wa jirgin, ko rediyo ne ko ƙarin tanki, dole ya zo da takardar amincewarsa, wato STC.

A gefen Najeriya, a rubuta wa NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, tun kafin a biya ko sisi, a faɗi samfurin jirgin da shekarar ƙira da injin da ke kansa, a nemi amsa a rubuce cewa za ta karɓe shi a rajistar 5N, wato rajistar jiragen Najeriya. Akwai izinin shigo da jirgi daga ma'aikatar sufurin jiragen sama, akwai izinin tashi na wanda ba haya zai yi ba, da ake kira PNCF, akwai kuma takardun kwastan. Daga can ƙasar da zai baro ana buƙatar shaidar cire shi daga rajista da shaidar lafiyarsa ta fitarwa. Wanda ya bar waɗannan sai kwantena ta iso Apapa, kuɗin ajiya ne zai riƙa hawa kullum, jirgin kuma yana cikin akwatin ƙarfe a bakin teku yana gumi.

Ƙaramin Cessna yana shiga kwantena mai ƙafa 40 in an cire fukafukai da jela. A tsiyaye mai gaba ɗaya, a cire batir, a zuba wa inji man adana, a rataya buhunan shan laima da yawa a ciki. Fukafukai a tsaye ake ɗaure su a kan shimfiɗa mai laushi, gefen gaba yana ƙasa. Kowace waya da kowane tiyo da aka kwance a sa masa alama a ɗauki hoto, domin mai haɗawa a Ikeja ba shi ne ya kwance ba.

Tsatsa

Yawancin ƙananan Cessna na wancan zamani sun fito daga masana'anta cikinsu tsirara, ba fentin kariya, sai wanda mai saye ya biya aka yi masa, ko waɗanda aka haɗa a Reims ta Faransa. Jirgin da ya yi shekara hamsin a busasshiyar jiha irin Arizona zai iya zuwa fes, ya fara fari a damina biyu a Legas.

Tsatsar alminiyam ba ja ba ce. Farin gari ne kamar toka. Wadda ke sama-sama mai sauƙi ce. Akwai mai tafiya ƙarƙashin fenti kamar sawun tsutsa, tana farawa daga kan ribit ko inda fenti ya ƙwarzane. Mafi muni ita ce mai shiga cikin naman ƙarfen ta kumbura shi ya riƙa ɓarewa falle-falle. In aka same ta a ƙashin fiffike ko a gindin tokare, ba a gogewa, canzawa ake yi. Sai kuma wadda ke tasowa inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, kamar noti na baƙin ƙarfe a jikin alminiyam, laima ta shiga tsakani.

Wuraren da za a fara leƙawa da tocila da madubi da kyamarar leƙe: saman silin ɗakin matuƙi inda ƙashin da ya haɗa fukafukai biyu ya ratsa, ƙarƙashin daɓe, akwatin batir da abin da ke ƙasansa, cikin jela, bayan salansa inda hayaƙi ke lasar ciki, da duk inda aka manna tsohon soso ko auduga don rage ƙara, domin suna riƙe ruwa. Tsohon baƙin tiyon iska mai waya a ciki, in ya jingina da alminiyam, yakan bar layin tsatsa daidai tsawonsa. A cire shi duka a sa sabo.

Wajen gogewa, kada soson ƙarfe ko buroshin waya na baƙin ƙarfe ya taɓa alminiyam. Ƙananan ɓarɓashinsa suna nutsewa a ciki, kowanne ya zama sabon gidan tsatsa. Da Scotch-Brite ake yi ko sanfefa mai yashin alminiyam, a hankali, saboda fallen da ake kira 2024-T3 yana da siririn rufi na tsantsar alminiyam a samansa, shi ne garkuwarsa. In an gama a auna kaurin da ya rage a gwada da iyakar da littafin gyaran jirgin ya yarda. Ya wuce iyaka, sai faci ko sabon falle. Bai wuce ba, a wanke, a shafa Alodine, ruwan kare alminiyam daga tsatsa, har wurin ya yi ruwan zinariya, a ɗauraye, ya bushe, a fesa fentin ƙasa na efoksi a ranar. A Legas ba a barin goggen ƙarfe ya kwana tsirara.

Faci yana da lissafinsa. Kaurin ribit ya kai kamar ninki uku na kaurin fallen da ya fi kauri. Daga tsakiyar rami zuwa bakin falle kada ya gaza ninki biyu na kaurin ribit, tsakanin ribit da ribit kada ya gaza ninki uku. In an buga, kan da ya fito ta baya faɗinsa ya zama ɗaya da rabi na kaurin ribit, tsayinsa rabi. Noti, ƙusa, wasa, tiyo, duk na jirgi ne masu lamba da takardar shaida, 8130-3 daga Amurka ko Form 1 daga Turai. Kayan kasuwar Ladipo na mota ne. Ƙusar can za ta iya shiga ramin daidai, amma ba wanda ya san irin ƙarfenta ko nauyin da za ta ɗauka kafin ta karye, kuma injiniya mai lasisi ba zai sa hannu a kanta ba.

Bayan fenti abu biyu ake yawan mantawa. Sassan da ke motsi a fiffike da jela, waɗanda matuƙi ke juya jirgi da su, dole a sake auna daidaiton nauyinsu, domin fenti mai kauri a gefen baya yana iya sa su karkarwa a sama har su yage. Sannan a ɗora jirgin gaba ɗaya a sikeli a fitar da sabon nauyi da sabuwar cibiyar nauyi. Tsohuwar takardar nauyi ta shekara talatin ba abin dogaro ba ce.

Jirgi mai yadi kuwa, ƙashinsa bututun baƙin ƙarfe ne samfurin 4130, kuma ruwa yana taruwa a bututun ƙasa kusa da tayar jela ya ci su daga ciki. Sai an yaye yadin ake ganin gaskiya. Yau da yadin roba ake rufewa, Ceconite ko Poly-Fiber, a ɗame shi da dutsen guga da aka gwada zafinsa da ma'auni: zagayen farko a digiri 121 na Salshiyas, na ƙarshe a 177. In zafi ya wuce haka yadin saki yake yi har abada, shi ya sa ba a amfani da bindigar zafi. Kada a haɗa kayan kamfani biyu a aiki ɗaya. Matsalar Legas a nan ita ce laima: in aka fesa ruwan rufi da safiyar damina zai yi fari-fari kamar hazo, bai kama ba ke nan. A yi aikin a rufaffen ɗaki mai na'urar tsotse laima, ko a jira hunturu. Jirgin da ƙashin fiffikensa katako ne da tsohon gam, shawararmu a bar shi inda yake, sai in an shirya sake gina fiffiken.

Inji

Cessna 172 na 1956 zuwa 1967 suna ɗauke da Continental O-300 mai silinda shida da ƙarfin doki 145, daga 1968 aka koma Lycoming O-320. Cessna 180 da 182 na da O-470 mai doki 225 zuwa 230. Kowane inji yana da awannin da kamfani ya ba shi kafin babban gyara, 2,000 ga O-320, 1,800 ga O-300, amma akwai iyaka ta biyu da dillalai ba sa son ambata: shekara 12. Injin da ya yi awa 300 kacal cikin shekara ashirin ya fi wanda ya yi 1,500 cikin shekara shida ban tsoro. A Lycoming kamshaf yana sama da karanshaf, baƙin mai yana tsiyayewa daga kansa in an daɗe ba a tashi ba, tsatsa ta huda shi, daga nan ya riƙa cin kansa yana zubar da garin ƙarfe cikin mai.

Gwajin farko shi ne na matsin silinda: a hura iska mai awo 80 a ga nawa silinda ta riƙe, inji da ɗumi. Ƙasa da 60 abin bincike ne, ko da yake Continental na da nata hanyar fitar da iyaka. Kunne yana faɗin inda iskar ke fita. A salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. A kafireto, bawul ɗin shiga. A bututun numfashin inji ko wurin zuba mai, zoben fistin. Daga nan a zura kyamara ta ramin fulogi a duba bangon silinda da fuskar bawul. Bawul mai lafiya launinsa zagaye yake daidai, mai ƙonewa yana da tabo kore a gefe guda. A yanka matatar mai a baje takardar a rana, a bi ta da maganaɗisu. In littafi ya nuna farfela ta taɓa bugun ƙasa kuma ba a buɗe injin an duba karanshaf ba, a sa kuɗin buɗewa cikin ciniki.

Maganeto, mai ba fulogi wuta, biyu ne, kowanne a buɗe shi duk awa 500. Tiyon mai da na baƙin mai da suka haura shekara biyar a ɗakin inji a canza su ko da sun yi kyau a ido, domin daga ciki suke rubewa. Robar da ke tare iska a kewayen silinda, in ta lanƙwashe baya ko ta yage, iska za ta bi ta can ta bar silinda na baya suna dahuwa. A zafin ƙasar nan wannan ƙaramin abu ne mai babbar illa. A sa ma'aunin zafi a kan kowace silinda, a riƙe shi ƙasa da digiri 200 a tafiya.

Injin da aka yi wa babban gyara ana fara shi da baƙin mai tsantsa marar haɗi na awa 25 zuwa 50, a tashi da shi da ƙarfi, kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari, a ƙasa-ƙasa, har shan mai ya daidaita. Lallaɓa sabon inji ko barin shi yana aiki a ƙasa na dogon lokaci yana sa bangon silinda ya yi santsi, zobe ya ƙi zama, ya riƙa shan mai har ƙarshen rayuwarsa. Filin Murtala Muhammed da jerin gwanon manyan jirage ba wurin wannan aiki ba ne mai daɗi. A shirya da hasumiyar filin a sami lokacin da ba cunkoso, ko a nemi izinin yin awannin farko a filin da ya fi shiru kamar Ibadan ko Ilori. Kafin tashin farko, mutum biyu daban-daban su tabbatar cewa in an juya sitiyari dama, abin da ke fiffike ya amsa dama. Wayoyin da aka haɗa a juye sun kashe matuƙa da yawa bayan gyara.

Injin zagaye, irin R-985 na Beaver ko R-1830 mai silinda 14 na DC-3, yana da tasa ɗabi'a. In ya kwana, baƙin mai yana gangarowa cikin silindan ƙasa. Mai ba ya matsuwa, don haka in aka tayar haka nan sandar fistin za ta lanƙwashe. Kafin kowane tayarwa, maganeto a kashe, a juya farfela ta hanyar da take juyawa har kowace silinda ta wuce. In ta cije, a tsaya, a cire fulogin ƙasa mai ya zube. Kada a juya ta baya don a kuɓuta: man zai koma bututun shiga ne ya jira a tayar ya dawo.

Zama a Ikeja

Rumfa ba ado ba ce a nan, tana cikin kuɗin mallakar jirgin. Hukumar jiragen Amurka ta ba da shawarar wanke jirgin da ke yankin tsatsa mai tsanani duk kwana 15, kuma bakin tekun Legas irin wannan yanki ne. Da ruwa mai daɗi ake wankewa. Ruwan burtsatse na wasu unguwannin kusa da lagun yana da gishiri-gishiri, a gwada shi. Ba a amfani da injin wanki mai matsi, yana tura ruwa cikin haɗin falle. Bayan wanki a bi ƙananan ramukan tsiyaye ruwa da ke ƙarƙashin ciki da jela a tabbatar ba su toshe ba. Sau ɗaya a shekara a fesa hazon maganin tsatsa, ACF-50 ko CorrosionX, cikin fukafukai da jela da ƙarƙashin daɓe. Zai yi makonni yana tsattsafowa ta haɗin ribit yana kama ƙura, wannan alamar ya shiga inda ake so ne. Sai dai a yi shi bayan fenti, domin fenti ba ya kama inda ya taɓa.

Maganin tsatsar inji tashi ne. Lycoming ta ce aƙalla awa ɗaya a sama cikin kowane kwana 30, baƙin mai ya kai zafin wajen digiri 80 don ruwan da ke cikinsa ya ƙone. A Legas kowane mako ya fi. Tayar da inji minti goma a ƙasa ɓarna ce, yana ƙara tururi ne bai kore shi ba. Haka juya farfelar injin kwance, irin Lycoming da Continental, da hannu yayin ajiya, goge ɗan man da ya rage a bango kawai yake yi. In maigida zai yi wata biyu a Kano ko Saudiyya, injiniya ya gaya masa gaskiya: "Alhaji, ko a sami mai tashi da shi, ko mu adana shi." Adanawa na nufin man adana, fulogi masu ƙwayar shan laima da ke sauya launi in sun jiƙe, da toshe salansa da mashigar iska, kowanne da jan ƙyalle a rataye. Baƙin mai, SAE 50 irin W100 ya dace da zafinmu, a canza duk awa 50 in akwai matata, awa 25 in raga ce kawai, ko duk wata huɗu ko da ba a cika awannin ba.

Zanzaro yana son bututun auna gudu da bututun numfashin tanki, cikin yini ɗaya zai cika su da laka. Na farko ya toshe, allurar gudu ta yi ƙarya. Na biyu ya toshe, mai ya daina sauka inji ya mutu a sama tanki cike. A rufe su duk lokacin da jirgi ke ƙasa. Fitsarin ɓera yana cin alminiyam, tsuntsaye kuma suna saƙa sheƙa a kan silinda.

Wani abin da ke ba sababbin matuƙa mamaki: kafireto yana yin ƙanƙara a Legas. Fetur da ke zama tururi a maƙogwaronsa yana sauke zafi da digiri 20 ko fiye, iska kuma cike take da ruwa. O-300 da O-470 sun yi suna a kan haka. In juyin inji ya fara raguwa ba dalili, a ja zafin kafireto gaba ɗaya a bar shi, ko da injin ya yi tari na ɗan lokaci. Ruwan ƙanƙarar ne yake haɗiya.

Man jirgi shi ke zana hanya

Waɗannan injuna fetur ɗin jirgi da ake kira avgas 100LL suke sha, mai launin shuɗi. Abin da ke cike a filayen jiragen Afirka ta Yamma kuwa Jet A-1 ne, dangin kananzir, wanda in ya shiga injin fistin zai tashi lafiya ya tarwatse bayan 'yan mintoci. Matuƙi ya tsaya da kansa a duk zubin mai. In ana shakka, a ɗiga a farar takarda: avgas yana bushewa ba tabo, Jet A-1 yana barin maiƙo. Avgas yana da dalma, tsofaffin injunan da aka ƙera don mai mai lamba 80 kuma tana taruwa musu a fulogi. A rage man da ke shiga inji sosai yayin tafiya a ƙasa, a wanke fulogi a kan kari. Wasu daga cikinsu an yarda su sha man mota in akwai STC, da sharaɗin babu sinadarin etanol a ciki. Gwajinsa: ruwa kashi ɗaya, mai kashi tara a kwalba, a yi alama a girgiza, in ruwan ya haura alama, a bar man.

Sau da yawa a duro mai lita 200 za a samu. A duba hatimi da ranar cikawa. A ajiye duro a kwance, murafunsa biyu a gefe da gefe, don kada ya shaƙi ruwa. Kafin zuba a tsayar da shi ya natsa, a haɗa wayar kashe tartsatsi tsakanin duro da famfo da jirgi, a zuba ta mazurari mai tare ruwa, a bar na can ƙasa. Cessna 180 da 182 tankinsu jakar roba ce, in ta yamutse tana ɓoye ruwa a lunguna. A girgiza fukafukai a sake tatsa har sai ba ɗigo. A bar su cike in jirgi zai zauna, jakar da ta bushe tsagewa take yi.

Ga lissafi da Cessna 182 mai babban tanki: lita 300 da za a iya amfani da su, shan lita 48 a awa, gudun kilomita 250. Legas zuwa Kano kilomita 830 ne, awa uku da rabi, lita 170. Zuwa da dawowa ya fi ƙarfin tankin, don haka sai an tura duro Kano ta mota tun kafin a tashi. Wannan tafiya, da ta Akara mai kilomita 400, su ne makarantar da ya kamata a yi ta maimaitawa kafin a yi zancen teku. Hanya ce mai tarihi ma: daga 1940 jiragen yaƙin Ingila da aka haɗa a Takoradi, a Gana ta yau, ta Legas, Kano da Maiduguri suke bi zuwa Khartum da Alƙahira. A Kano in zafi ya kai digiri 40, filin da tsayinsa bai wuce ƙafa 1,600 ba jirgi zai ji shi kamar ƙafa 4,900, inji ya rasa wajen kashi 15 na ƙarfinsa. A tashi da sassafe. Da hunturu hazo yana rufe gani, ƙura tana cika matatar iska. Farkon damina da ƙarshenta kuma hadari yana tasowa daga gabas a jere, yawanci da yamma, ba a ratsa shi, sauka ake yi a ɗaure jirgi.

Mai son kewaya duniya daga Legas hanya biyu ke gabansa a Atlantika. Ta kudu, Dakar zuwa Natal ta Brazil, kilomita 3,000 a kan teku: awa 12 da rarar awa uku, lita 720. Ƙarin lita 420 ke nan a tankin da za a ɗaure inda kujerun baya suke, kuma tunda litar avgas kilo 0.72 ce, nauyin ya kai kilo 300. Wannan yana buƙatar izinin tashi da nauyin da ya wuce ƙa'ida, sabon lissafin cibiyar nauyi, da gwada famfon tankin a sama kusa da gida kafin ranar. Ta arewa, a bi gaɓar teku zuwa Dakar, Maroko, Sifaniya, har Wick a Sikotilan, sannan Aisilan, Girinlan da Kanada. Zangunan sun fi gajarta, mafi yawa ba su wuce kilomita 1,300 ba, amma ruwan sanyi ne mai kisa cikin mintoci, sai tsakanin Yuni da Agusta, sanye da rigar nutso tun daga ƙasa. A Fasifik, tsakanin Hawaii da Kalifoniya kusan kilomita 3,900 ne, shi ne zangon da ke tantance ko jirgin zai iya. DC-3 yana shan lita 350 zuwa 380 a awa, kusan duro biyu. Shi ya sa wasu ke mayar da shi Basler BT-67 mai injin da ke shan Jet A-1, ko da yake daga nan ya tashi daga jirgin tarihi.

Kowace ƙasa tana son izinin ratsawa ko na sauka, da lambarsa a takardar shirin tashi, wasu kuma izinin na kwana ɗaya ne ko biyu, in yanayi ya hana tashi sai a sake nema. Kamfanonin da ke wannan aiki sun cancanci kuɗinsu. A tanadi kwafin takardar bayanin jirgi da mutanen ciki da yawa, katin rigakafin shawara, biza, inshorar da ta ambaci ƙasashen da sunansu, da dala a hannu ƙanana da manya, tunda filaye da yawa ba sa karɓar kati. Wannan a gama shi da 'yan canji tun a Legas. Turai na buƙatar rediyo mai tazarar 8.33 da na'urar amsa rada samfurin Mode S, Amurka na buƙatar ADS-B, na'urar da ke sanar da inda jirgi yake, tun 1 ga Janairu 2020, tsallaka teku kuma yakan buƙaci rediyon HF mai dogon zango. Na'urar kiran ceto ta zama mai mita 406, an yi mata rajista da lambar jirgin ta yanzu, domin tauraron ɗan adam ya daina sauraron tsohuwar 121.5 tun 2009.

Kayan gyaran da za a ɗauka: maganeto ɗaya, fulogi, taya da tib, matatar mai biyu, bel, famfon iska na agogon tuƙi, wayar ɗaure noti, da baƙin man da zai kai zango na gaba da ake sayar da shi. Binciken awa 50 da na awa 100 za su faɗo a tsakiyar tafiya, saboda haka a san tun daga gida a wane gari za a yi su, kuma a sami amincewar NCAA a rubuce kan wanda zai sa hannu a littafin jirgi mai rajistar 5N a can. Kwale-kwalen ceto a ajiye shi a kujerar gefen matuƙi, ɗaure da bel, tare da jakar ruwa da wayar tauraron ɗan adam, ba a bayan tankin ƙari ba inda hannu ba zai kai ba.